Matakan rage ƙiba ba tare da horon yunwa ba

Masu ta tambayata yadda ake rage tumbi, to ga shi.

1. Ranar da za ka auna nauyinka, ka hau sikeli da safe kafin ka karya.
2. Ka rage kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) kamar 500 a rana, a sati wajen rabin kilo zai sauka.
3. Ka ajiye lemon kwalba, babbar ɗaya ta kai kalori 200.
4. Ka dinga auna mai, cokalin miya ɗaya kalori 120 ne, masar Bauchi kuwa ai wanka take a mai, masa huɗu sun isa.

Hattara: kar ka yanke abinci gaba ɗaya, jiri zai kwashe ka kuma da dare ka rama. Mai ciwon suga ya fara ganin likita.

5. Bayan asuba ka taka minti 30.
6. Ka samu abokin tafiya, ran da kasala ta kama ka shi zai buga maka ƙofa.
7. Sikeli sau ɗaya a sati, hawan kullum karya gwiwa yake.