Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Canza Fad ɗin Birki a Gida

Canza fad ɗin birkin gaba, wato abin da ke gogar faifan birki ya tsayar da taya, bai wuce aikin awa ɗaya zuwa biyu ba. Sai dai yawancin ɓarnar ba daga fad ɗin take fitowa ba, daga ƙananan abubuwan da ke kewaye da shi ne, waɗanda gaggawa ke sa a tsallake.

Tun wajen ɗaga mota ake fara kuskure. Jak na ɗagawa ne kawai, ba a barin mota a kansa ana aiki, bulon siminti kuma yana farfashewa ba shiri. Ka sassauta notuna tun taya tana ƙasa, ka sa waigi a tayoyin baya, ka ɗora motar a kan matokarin ƙarfe, sannan ka tura tayar da ka cire ƙarƙashinta.

Idan ka kwance kalifa, wato ƙarfen nan da ke matse faifan birki, kada ka sake ta tana reto a jikin tiyon mai. Nauyinta yana tsage tiyon ta ciki, inda ido ba ya gani. Ɗaure ta da waya a jikin sifirin.

Inda muka fi ganin asara shi ne sandunan nan biyu da kalifa ke zamewa a kansu. Mutane da yawa ba sa ma zaro su. Waɗanda suka zaro kuma sai su lafta musu baƙin giris na boris, ko ma baƙin mai. Duk man da aka samo daga fetur yana kumbura robar da ke rufe sandar. Bayan 'yan makonni sandar ta cije, kalifa ta daina komawa, fad ɗaya ya cinye har ƙarfe alhali ɗan'uwansa yana nan da kauri. Za ka ji mota tana ja gefe guda, wilin ya yi zafin da hannu ba ya taɓuwa, ga shan mai ya ƙaru. Gyaran mai sauƙi ne: zaro kowace sanda, goge ta tas, shafa giris ɗin silikon kaɗan, ka gwada da yatsa biyu, ta shiga ta fita ba tirjiya. Robar da ta yage a canza ta, domin ƙurar hunturu da ruwan damina ta nan suke shiga. Ko ɗigon giris kada ya taɓa fuskar fad ko faifai.

Wajen mayar da fistin, wato ƙarfen cikin kalifa da ke tura fad, don sabon fad ya samu wurin shiga, buɗe murfin tulun man birki ka sa ido, don man zai taso, kuma idan ya zuba yana cin fenti. Ka tura fistin a hankali, da tsohon fad a gabansa. Fistin na birkin baya a wasu motoci, kamar Honda Accord ta 2003 zuwa 2007, murɗa shi ake yi yana shiga. Wanda ya danna shi da ƙarfi ya kashe kalifar. Mai birkin hannu na lantarki kuwa sai an saki ɗan injin lantarkin da ke matse birkin tukuna, galibi da kwamfuta.

Fad idan ya kai milimita 3 ya gama aiki, kuma ana canza na dama da na hagu tare. Duba faifan ma: akwai mafi ƙarancin kaurinsa a rubuce a jikinsa, kusa da haruffan MIN TH. Sabon fad a kan faifai mai zurfin kwari wahalar banza ce.

Man birki ka bi abin da ke kan murfin tulu, DOT 3 ko DOT 4. DOT 5 na silikon ne, ba a haɗa shi da su. Man DOT 3 da DOT 4 yana zuƙar danshi: sabon DOT 3 sai ya kai digiri 205 yake tafasa, wanda ya sha ruwa kuwa a 140 ma yana iya tafasa, feda ta nutse a tsakiyar gangara. Shi ya sa ake sauya shi duk shekara 2, daga gwangwanin da ba a taɓa buɗewa ba.

Notunan taya a ɗaure su a gicciye, ba a jere ba, kuma ban da hawa kan sufana da ƙafa. Corolla ɗaurin Nm 103 take buƙata, Nm kuwa ma'aunin ƙarfin ɗauri ne. Ɗaurin da bai daidaita ba yana sa faifai ya zauna a karkace, sitiyari ya riƙa rawa in an taka birki.

Kuskuren da ya fi kowanne haɗari yana zuwa ne bayan an gama. Fistin yana can ciki, don haka takun farko feda za ta tafi ƙasa ba birki. Kafin ka sa giya, ka yi ta taka ta a hankali, rabi-rabi, har ta yi tauri, ka sake duba man. Daga nan ka nemi hanyar da ba jama'a, ka kai gudun kilomita 60, ka rage zuwa 10 ba tare da ka tsaya cak ba, kamar sau 8, sannan ka yi tafiyar minti 5 birkin ya huce. Idan har yanzu feda tana laushi kamar soso, iska ce ko yoyo, motar ba ta hau titi ba sai an gano inda yake.