Wa ya kamata a danƙa wa ragamar zauren tambayoyin Hausa?

Duk zauren da ake haɗuwa don tambayoyin harshe, ko a harabar makaranta ake zama ko a waya, ba ya jimawa sai ya buƙaci mai tsawatarwa. Tambaya ɗaya ta isa. Wani ya ce, "Shin 'shina zuwa' Hausa ce daidai?" Kafin a ankara an bar nahawu an koma gorin gari. Ni malamin Hausa ne a sakandare, na riƙe irin wannan zaure, ga kuma yadda nake ganin ya kamata a zaɓi masu riƙe shi.

Ku fara raba abu biyu da mutane suke cakuɗawa. Tsare zaman daban: kashe gardamar da ta koma zagi, kawar da tallar atamfa da saƙon siyasa, dakatar da wanda ya ƙi jin gargaɗi. Faɗin abin da yake daidai a harshe kuma daban. A kan na farko kaɗai ake naɗa mutum. Na biyu hujja ce take yanke shi, ko daga bakin wa ta fito.

Saboda haka ba na goyon bayan a ɗauki wanda ya fi kowa karatu a ba shi ikon rufe magana. Mun san halinmu. Ɗalibi ba zai iya ce wa malaminsa "ba haka ba ne" a bainar jama'a ba, balle idan malamin ne yake da ikon fitar da shi. Ku girmama farfesan da ke cikinku, ku roƙe shi ya riƙa amsa manyan tambayoyi, amma ragamar ku ba mai haƙuri wanda kullum yana nan, wanda kuka ga yadda yake amsa wa ɗan koyo.

Kafin ku naɗa shi, ku duba yadda yake yi da tambayoyi iri uku.

Akwai wadda ƙa'idar rubutu ta riga ta yanke. "Yana", "yake" da "yakan" a haɗe ake rubuta su, haka "motarsa", amma "za mu" a rabe. Wanda bai san wannan ba, ba zai gane lokacin da gardama ta ƙare ba, sai ya bar ta tana ta jan lokaci.

Ta biyu ita ce ta karin harshe, kuma a nan ne zaure yake tsayuwa ko ya watse. Basakkwace ya ce "shina" da "hwari", Bakano ya ce "yana" da "fari". Bazazzagi ya ce "rigan Audu" inda daidaitacciyar Hausa take cewa "rigar Audu". Mutumin Damagaram ya rubuta "ƴaƴa" da harafin da ake amfani da shi a Nijar, mu a Nijeriya mu rubuta "'ya'ya". Mai riƙe zaure dole ya iya cewa, "Wannan Sakkwatanci ne, ga yadda ake rubuta shi a jarrabawa," ba tare da ya kira shi kuskure ba. Daidaitacciyar Hausa ta fi jingina ga Kananci, wannan gaskiya ne, amma zaɓi ne da aka yi don rubutu da koyarwa. An yi zama a kan rubutun a Bamako a 1966, an sake yi a Yamai a 1980, kuma babu inda aka soke Gobiranci ko Katsinanci daga zama Hausa. Idan kuka ga mutum yana "gyara" wa Ba'adare maganar da ya tsotsa a nono, kada ku ba shi iko ko da digirinsa ya kai nawa. Mutanen wannan yankin za su yi shiru ɗaya bayan ɗaya, da su kuma kalmomin da babu sauran mai saninsu sai su.

Ta uku ita ce wadda ba a daidaita a kanta ba tukuna, kamar sunan wata sabuwar na'ura. Mai kyau zai bar ta a buɗe, ya tattara ra'ayoyin da aka kawo.

Ya kuma san inda ake dubawa. Ƙamusun Bargery na 1934 yana nuna yankin da kalmomi da yawa suka fito, na Abraham ya zo a 1949, Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero kuma a 2006 da bayani cikin Hausa zalla. Ba sai ya haddace su ba, ya dai saba cewa "bari mu duba".

Kada ku naɗa mutum ɗaya. Uku sun wadatar, daga yankuna daban, kuma a sami mace a cikinsu, domin mata da yawa sun fi sakin jiki su kai ƙorafi wurin 'yar'uwarsu. Ku rubuta matakan hukunci tun kafin rigima ta zo: a yi wa mutum magana a keɓe, sannan gargaɗi a fili, sannan dakatarwa ta mako guda. Korar dindindin sai biyu daga cikin ukun sun amince. Wanda kuma da shi ake gardamar, ya janye hannunsa, abokan aikinsa su yanke.

Ku sa wa'adi, shekara guda ta isa, har da wanda ya kafa zauren. Idan ɗaya daga cikinsu ya yi wata biyu ba a ji ɗuriyarsa ba, a tuntuɓe shi cikin mutunci, a tambaye shi ko aiki ne ya yi masa yawa. In haka ne, a yi masa godiya a gaban kowa, a ɗauko wani daga yankinsa ya ƙarasa wa'adin.