Allurai biyu a layi ɗaya: kurakuran da aka fi yi a ɗakin kulawa ta musamman

Majinyaci ɗaya, kanula biyu (ɗan bututun da ake sa wa a jijiya don ba da ruwa ko magani), magunguna bakwai. Duk wanda ya yi aikin dare a ɗakin kulawa ta musamman ya san wannan matsin, kuma a nan ne hannu ke saurin tura allura ta layin ƙarin ruwa da wani magani ke bi.

Kuskuren da aka fi yi shi ne tura magani a bayan wani ba tare da wanke layi ba. Midazolam mai tsami ne, furosemide kuwa ɓangaren kanwa yake. Na taɓa ganin sun haɗu a mahaɗar layi, nan take ruwan ya yi fari kamar nono ya tsinke, Allah Ya sa an matse layin kafin ya kai jijiya. Sodium bicarbonate ma in ya haɗu da calcium alli yake zama, sannan yana rage ƙarfin adrenaline. Gyaran shi ne wanke layin da ruwan gishiri kafin allura da bayanta. Amma layin noradrenaline, maganin ɗaga hawan jini, ba a wanke shi da ƙarfi, don za a tura ragowar maganin gaba ɗaya, hawan jini ya tashi. A bar masa layinsa shi kaɗai.

Sai kuskuren ɗaukan duk ledar ruwan da ke kusa don haɗa magani. Phenytoin na yin gudaji a ruwan suga, ruwan gishiri yake so. Amphotericin B akasin haka ne. Ceftriaxone da ruwan Ringer's lactate kuwa ba sa ga maciji, saboda calcium da ke cikin ruwan. A 2007 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi bayan mutuwar jarirai sabbin haihuwa da aka samu ɓurɓushin haɗin a huhu da ƙodarsu. Ga yadda ake rubuta ceftriaxone a asibitocinmu, wannan ya fi ba ni tsoro.

Kada kuma a ce ai ruwan garau yake, babu matsala. Gentamicin da ampicillin a sirinji ɗaya ba dole su nuna komai ba, amma ƙarfin gentamicin ya ragu. Propofol dama fari ne, ko an yi gudaji ido ba zai gani ba. In jadawalin jituwar magunguna bai ambaci biyun da ke hannunka ba, kira mai haɗa magunguna ko a sa wata kanula.