Telekomand ɗaya, na'urori biyu suna amsawa: kurakuran da aka fi yi

A falon gidaje da dama a Damagaram, daga Birni har Zango, tebur ɗaya ne ke ɗauke da talabijin da dekoda da na'urar DVD da ampili mai lasifikoki, kuma yakan faru mutum ya danna maɓallin ƙara murya sai dekoda ta canja tasha, ko ya kashe na'ura ɗaya sai wata ta kunnu. Kuskuren da ya fi cin kuɗi shi ne a yanke hukuncin cewa wani abu ya lalace, a ɗora shi bisa babur zuwa wurin mai gyara, ko a shiga Kasuwar Dole a sayo sabon telekomand, alhali kowace na'ura lafiyarta ƙalau, umarnin ne kawai yake shiga kunnen da ba nasa ba.

Mafi yawan telekomand suna aiki ne da wani haske da idon mutum ba ya gani, wanda ke kunnuwa yana mutuwa kusan sau 38,000 a daƙiƙa guda. A cikin wannan ƙyaftawa ake aika lambobi biyu, ɗaya adireshin na'urar da ake nufi, ɗaya kuma umarnin da ake so ta bi. Philips da Sony kowanne yana da tsarinsa, amma masu ƙera kaya masu araha sun fi amfani da tsarin kamfanin NEC, wanda a asalinsa adireshi 256 kawai yake ɗauka. Saboda haka ba wuya dekoda da DVD, ko ma fitilun ado masu canja launi, su zo da adireshi iri ɗaya, tamkar takwarori biyu a zaure guda: aka kira ɗaya, dole ɗayan ya waiwayo.

Kafin a taɓa komai, ya kamata a gane ta inda umarnin yake shiga. A rufe fuskar na'urar da ke amsa kiran da ba nata ba da kwali mai kauri, sannan a sake danna maɓallin. Idan ta yi shiru, to haske ne. Gyaransa shi ne a raba na'urorin nesa da juna, a kuma naɗa ɗan bututun kwali a idon karɓar haske na wadda ke katsalandan, domin kada ta ga haske sai an saita mata telekomand kai tsaye. Masu liƙa sikoc mai gani-har-hanji suna ɓata lokacinsu ne, domin hasken yana ratsa shi, kuma farin bango da tayil ɗin ƙasa suna mayar da shi ko da an juya telekomand wani gefe.

Idan kuwa an rufe idon amma na'urar ba ta daina ba, to ta wayar HDMI, wadda ke haɗa na'urorin da talabijin, saƙon yake bi. Akwai tsari mai suna CEC da ke ba na'urori damar umartar juna, kuma kowane kamfani da sunan da ya raɗa masa: Anynet+ a Samsung, SimpLink a LG, Bravia Sync a Sony, Viera Link a Panasonic. Shi ne ke sa talabijin ya bar wasan ƙwallon da ake kallo ya koma DVD da zarar yaro ya kunna ta. Mutane da yawa sukan kashe shi gaba ɗaya, daga baya su yi mamakin yadda telekomand ɗin talabijin ya daina sarrafa muryar ampili. A ganina, an fi samun sauƙi idan aka bar shi tsakanin talabijin da ampili, aka kashe shi a sauran.

Wani kuskuren kuma daga gida yake. Ƙurar hunturu da ɗigon shayi mai sukari suna sa maɓalli ya maƙale, haka ma ledar da ake ɗaure telekomand da ita tamau don kada ya tsufa, ko nauyin matashin kujera da ya danne wani tsohon telekomand da aka manta da shi. Wanda maɓallinsa ya maƙale yana ta aika haske ba hutu, sai ya danne saƙon sauran. Ana gano shi da kyamarar wayar hannu: a saita masa ita ba tare da an danna komai ba, idan aka ga ɗan haske yana ƙyaftawa a gilashin wayar, an kama mai laifin. Idan kyamarar baya ba ta nuna komai ba, a gwada ta gaba.

Hasken rana da ke faɗowa kan idon na'ura, da ƙwan fitila mai lanƙwasasshen bututu idan yana kusa, su ma suna rikita karɓar saƙo, kuma labule ko matsar da tebur ya isa magani. Batun pil kuwa, kada a haɗa tsoho da sabo, kuma a cire su daga duk telekomand ɗin da aka daina amfani da shi kafin su zubar da ruwa su cinye ƙarfen ciki.