Yadda Ake Cire Gilashin Tsohuwar Mota da Neman Madadinsa

Kafin a taɓa gilashin tsohuwar motar da ake son farfaɗowa, ya kamata a fara sanin irinsa, domin iri biyu ne. Akwai mai ninki biyu da leda a tsakiya, wanda yake tsagewa amma ba ya wargajewa, akwai kuma gasasshe, wanda idan ya fashe yake zubewa kamar tsakuwa. Tambarin da ke kusurwar gilashin, irin su Triplex, Sekurit ko Carlite, yana nuna kamfanin da ya yi shi, saboda haka a ɗauki hotonsa tun da wuri.

Yawancin motocin da aka ƙera kafin shekarun 1960 roba ce take riƙe gilashinsu. Kuskuren da aka fi yi shi ne ƙoƙarin ceton wannan roba, alhali ta riga ta bushe ta ƙandare, kuma samun sabuwarta ya fi samun gilashin sauƙi nesa ba kusa ba. A cire waifa da madubin ciki, a sa safar hannu da tabarau, sannan a yanke leɓen robar da wuƙa mai kaifi har a zagaye. Daga nan mutum ɗaya ya tura daga ciki da tafin hannu a hankali, yana farawa daga kusurwar sama, wani kuma ya tare daga waje. Kada a kuskura a cusa sukudireba a gefen gilashi, domin nan ne rauninsa yake. A wasu motocin ƙarfen ado yana zaune ne cikin robar, kuma tare suke fitowa, wanda ya ɓamɓare shi tun farko sai ya lanƙwasa shi. Gilashin da aka manna da gam kuwa siririyar waya ake zurawa a yanke gam ɗin. Bayan an cire, a jingine shi a tsaye a kan katako ko tsumma, ba a kwance ba.

Wajen neman madadi, miƙaƙƙen gilashi ba ya ba da wahala, tun da mai yankan gilashi zai iya fitar da sabo daga mai ninki biyu idan aka ba shi tsohon ko zanensa a kwali. Gasasshe dai ba ya yankuwa. Lanƙwasasshe, musamman na motocin Amurka na shekarun 1950 wanda yake zagayowa har gefe, shi ne mai wuya, sai an bi ta ƙungiyoyin masu irin motar, ko wuraren tara matattun motoci, ko kamfanoni irin su Pilkington da suke sake ƙera tsofaffin samfura. Idan na hannu ne, a duba gefensa a cikin haske, domin fari-fari kamar madara alama ce ta ledar ta fara saki, kuma karcen da farce yake maƙalewa a ciki da wuya ya gogu. A gwada shi a jikin motar kafin a yi fenti, saboda sabon ƙira ba kullum yake zama daidai ba.