Yadda Ake Auna Daɗewar Rashin Aiki Daga Gangare Zuwa Bokkos

Na daɗe ina bin gida-gida da takardar tambayoyi a cikin Jos da ƙauyukan Filato, kuma tambayar da ta fi ba ni wuya ita ce "tun yaushe?" Wanda ya rasa aiki wata biyu yana da sauran ƙarfin zuciya. Wanda ya shekara biyu yana zaune ya ci jarinsa, ya sayar da waya, har kunyar zaman majalisa yake ji. In kana son ka san yankin da wannan ciwon ya fi tsanani, ga yadda nake yi.

Ka fara da tsayar da ma'ana ɗaya, ka riƙe ta ko'ina. A ma'aunin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, marar aiki shi ne wanda bai yi aikin kuɗi ko na awa ɗaya ba a kwana bakwai da suka wuce, yana nema, kuma a shirye yake ya fara. In ya kai wata 12 a haka, ya shiga sahun waɗanda suka daɗe. Amurka daga mako 27 take lissafi, don haka kada ka jera alƙalumanta da namu. Ko a gida ma a yi hattara: Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ba da kashi 33.3 a ƙarshen 2020, lokacin da mai aikin ƙasa da awa 20 a mako marar aiki ne a wurinta. Da ta koma ma'aunin awa ɗaya, sai ta ba da kashi 4.1 a farkon 2023. Mudun ne aka sauya.

Sai batun tun yaushe. Kada ka tambayi wata nawa, don "an ɗan jima" za a ce maka. Wani matashi a unguwar Gangare ta Jos haka ya ce mini, yana gyara zama a kan benci. Na ce, "Ɗan'uwa, azumin bara kana aiki?" Ya ce a'a. "Lokacin da aka cire tallafin mai fa?" Ya yi shiru, sannan ya ce a satin ne mai keken da yake haya da shi ya karɓe kekensa saboda balas ya gagara. Tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 aka cire shi, ka ga na sami wata ke nan. Ka rubuta irin waɗannan alamomin a bayan takardarka: Babbar Sallah, Kirsimeti, wahalar takardun naira ta farkon 2023, kullen korona na 2020, lokacin haƙar dankali. Ka tuna azumi yana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara.

"Buga-buga nake yi" amsa ce da za ka ji sau ashirin a rana. Ka bi ta a hankali. In ya yi dakon kabeji a Farin Gada ranar Talata an biya shi, ma'auni ya ce yana da aiki, ko da ran ka bai so ba. Ka buɗe masa layi na daban, ka rubuta awoyin da ya yi da waɗanda yake so ya ƙara. Haka matan aure: maigida zai ce "ba ta aiki", alhali ga kaskon awara a tsakar gida yara suna kai talla. Ka je da abokiyar aiki mace ta shiga ciki ta ji daga bakinta.

Waɗanda suka fi tsaya mini a rai su ne waɗanda suka gaji da nema. Mai digiri da ya shekara huɗu yana kai takardu har ya daina, ma'auni yana cire shi daga marasa aiki gaba ɗaya. Unguwa tana iya fitowa da lamba mai kyau don kawai mutanenta sun fidda rai. Ni ba na barin su su ɓace; ina ƙidaya su daban, in ajiye lambarsu kusa da ta sauran.

Wajen kwatanta yankuna, lamba biyu za ka fitar. A ce a unguwa ɗaya cikin mutum 200 masu aiki da masu nema, 40 ba su da aiki, 10 daga ciki sun shekara: kashi 5 na duka ke nan, amma kashi 25 na marasa aikin. A wani ƙauyen marasa aiki 12 ne cikin 200, 9 sun shekara: kashi 4.5 da kashi 75. In ka ɗauki lamba ɗaya kawai, za ka yi wa ɗaya daga cikinsu rashin adalci.

Kuma ka shiga dukkan yankunan a wata guda. In ka je Bokkos da damina, kowa yana gona, sannan ka shiga Unguwar Rogo da rani, yanayi ka auna. In da hali ka koma gidajen nan bayan wata shida da takardar farko a hannunka, ka sake tambayar mutanen da ka tambaya da sunayensu.