Yadda na gyara matsalar undefined tsakanin JavaScript da Python

Alhamdu lillahi, bayan kwana 2 ina fama, yau ta warware.

Fom ɗin rajista ne, JavaScript ke tura bayanansa zuwa Python. Duk wanda bai cike lambar waya ba, sai Python ta tsaya da KeyError, wato ta nemi filin ba ta same shi ba. Na zargi rumbun bayanai, na duba, lafiyarsa ƙalau.

Ashe JSON.stringify ne, umarnin JavaScript da ke mayar da bayanai rubutun JSON kafin a tura su. Filin da ke ɗauke da undefined (wato ba a sa masa komai ba), jefar da shi yake yi gaba ɗaya, amma null (alamar babu komai da aka sa da gangan) yana wucewa ya isa Python a matsayin None.

A JavaScript na rubuta waya: waya ?? null, wato idan waya undefined ce a tura null. Kada a sa || a nan, domin har 0 zai mayar null. A Python kuma na canza data["waya"] zuwa data.get("waya"), wanda ke ba da None idan babu filin, na tantance da is None. Da na sake gwadawa, rajista ta shiga.